Yadda Ake Haɗa Taswirar Doguwar Tafiya a Keke: Misali da Hanyar Kano Zuwa Damagaram

Idan mai mota ya kauce hanya da kilomita 20, asararsa ba ta wuce minti ashirin da ɗan man fetur ba. Idan mai keke da kaya a baya ya kauce haka, awa biyu ko uku sun tafi, ruwan gorarsa ya ƙare, kuma mai yiwuwa magariba ta riske shi a inda bai san kowa ba. Don haka neman taswira ba aikin daren tafiya ba ne. Sannan tun da wuri ka cire rai da samun wata taswira guda ɗaya da za ta ishe ka. Wadda za ka yi tafiya da ita kai ne za ka haɗa ta da hannunka, daga wuri huɗu: taswirar takarda, taswirar waya, hoton tauraron ɗan'adam, da bakin mutanen da ke bin hanyar kullum.

Zan yi misali da hanyar Kano zuwa Damagaram, domin tana ɗauke da kusan duk matsalolin da za ka iya haɗuwa da su: ƙasa biyu, rubutun suna iri biyu, kwalta da burji da yashi, ga kuma iyaka. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, wato kwana huɗu ko biyar ga wanda ba ya gaggawa. Tsarin dai ɗaya ne ko Jos ka nufa, ko Agadas, ko Garwa.

Kayan aiki

- Wayar zamani mai GPS, wato abin da ke nuna inda kake a kan taswira, da filin ajiya da ya kai gigabait 2 ko 3 a sake.
- Fawa banki mai ƙarfi, da wayar caji biyu, don ɗaya kan lalace a hanya.
- Taswirar takarda ta yankin, ko da tsohuwa ce.
- Ƙaramin littafin rubutu mai tauri a bango, fensir biyu da abin fiƙe su. Biro kan ƙi rubutu a kan takardar da ta sha ƙura da zufa.
- Zare, rula, da alƙalamin shafa launi.
- Ledoji masu ƙarfi, irin masu zif a baki, na sa takardu da waya.
- Ƙaramin kamfas. Na cikin waya ma ya yi, amma shi da batiri yake aiki.
- Kwamfuta ta yini ɗaya. In ba ka da ita, awa biyu a shagon buga takardu sun isa, kuma a nan za ka buga shafukanka.

1. Fara rubuta tambayoyin, kafin ka buɗe kowace taswira

Kusan duk taswirorin hanya don masu mota aka yi su, kuma abin da ya dami mai mota daban yake da naka. Shi so yake ya san wacce hanya ce ta fi sauri. Kai abin da kake so ka sani shi ne: mene ne a ƙarƙashin taya, kwalta ko jar ƙasa ko yashi? Tsakanin ruwan sha da ruwan sha kilomita nawa ne? Ina akwai hawa? Titin yana da kafaɗar da za ka raɓe idan tirela ta taho? Ina za ka kwana, ina mai faci yake? Rubuta waɗannan a shafin farko na littafinka. Duk taswirar da ka samu, da su za ka auna ta.

A nan ne kuma za ka yanke nisan da za ka iya ci a yini. Sabon shiga mai kaya, a kan kwalta, kilomita 60 zuwa 80 ya ishe shi. A kan burji mai gargada ka rage kashi ɗaya cikin uku. A cikin yashi kuwa turawa za ka yi da ƙafa, kilomita 3 ko 4 a awa.

2. Fahimci sikeli

Wannan ne kawai lissafin da ba makawa sai ka iya. A kusurwar kowace taswirar kirki akwai lamba irin 1:200,000. Cire sifili biyar daga ƙarshe, abin da ya rage shi ne kilomitar da santimita ɗaya ke wakilta. Wato a 1:200,000 santimita ɗaya kilomita 2 ne, a 1:1,000,000 kilomita 10, a 1:4,000,000 kilomita 40. A 1:50,000 kuwa santimita ɗaya rabin kilomita ne.

Ga ma'anar haka a aikace. Tsakanin Kano da Damagaram, a miƙe, kimanin kilomita 200 ne. A taswirar 1:4,000,000 duk tafiyar taka santimita biyar ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ba za ka ga ƙauye ko mararraba ba. A 1:200,000 tafiyar ta kai mita guda, ka ga kowace kwana da kowane rafi. A 1:50,000 sai ka ɗauki takardu cike da jaka, kuma kafin azahar ka fita daga shafi biyu. Ga mai keke, tsakanin 1:200,000 da 1:500,000 ne daidai. Mai sifili shida ta tsara tafiya ce a ɗaki, ba ta neman mararraba a daji ba.

3. Nemo ta takarda

Za ka ji masu cewa zamanin takarda ya wuce. Ban yarda ba, kuma ba don tsoron mutuwar batiri kaɗai ba. Fuskar waya ƙarama ce: in ka matso da ita ka ga ƙauyen, sai ka rasa inda yake a cikin ƙasar; in ka nesanta, ƙauyen ya ɓace. Takarda kuwa ka shimfiɗa ta a kan tabarma, kai da mutum uku ku sa yatsa a kai.

Wadda matafiya suka daɗe da sani a wannan yanki ita ce ta kamfanin Michelin mai lamba 741, ta Afirka ta Arewa da ta Yamma, a sikelin 1:4,000,000. Ta yi ƙanƙanta ga tafiyar yini, amma tana bambanta kwalta da hanyar ƙasa, tana nuna hanyoyin da ba sa biyuwa da damina, kuma a cikin Sahara har rijiyoyi take nunawa. In tafiyarka ta haɗa ƙasashe da yawa, ta cancanci kuɗinta.

Masu cikakken bayani na hukuma ne. A Najeriya ofishin Babban Safiyo na Tarayya da ke Abuja ne ke riƙe da taswirorin ƙasa masu sikelin 1:50,000 da 1:100,000, kuma ma'aikatun filaye da safiyo na jihohi kan ajiye na yankinsu. A Nijar akwai cibiyar taswira ta ƙasa a Yamai, da zanen 1:200,000 da Faransawa suka fara. Hanya mafi sauƙi ga mafi yawanmu ita ce sashen nazarin labarin ƙasa na jami'a mafi kusa, ko a Bayero, ko a Ahmadu Bello, ko a jami'ar Damagaram. Je ka da sallama, ka yi bayanin abin da kake so, ka nemi izinin ɗaukar hoto ko fotokwafin ɓangaren da ya shafe ka. A intanet kuma ɗakin karatu na Jami'ar Texas a Amurka ya saka tsofaffin taswirorin Afirka da yawa kyauta.

Gargaɗi babba a nan shi ne shekara. Kafin komai nemi shekarar da aka yi safiyon, a ƙasan takardar take, da ƙananan haruffa. Yawancin waɗannan zane-zanen na shekarun 1960 da 1970 ne. Wanda aka zana kafin 1974 ba za ka ga madatsar ruwan Tiga a ciki ba, sai hanyoyi da ƙauyukan da yau ruwa ya shanye. Wanda ya girmi 1987 zai sa Daura a wata jihar da ba Katsina ba, wanda ya girmi 1991 zai bar Kazaure a cikin Kano. Abin da za ka ɗauka daga tsohuwar taswira shi ne abin da ba ya tashi: duwatsu, koguna, fadamu, tudu da kwari, da tsofaffin garuruwa. Batun titi kuwa kada ka yarda da ita sai wata ta tabbatar.

In duk ba ka samu ba, taswirar jiha irin wadda ake sayarwa a shagon littattafai, ko ta bayan littafin ɗalibai, ta fi babu. Za ka cike giɓin a mataki na 8.

4. Saukar da taswirar waya wadda ba ta buƙatar data

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: GPS ba ya buƙatar sabis ko data. Wayar tana karɓar saƙo kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, ko babu layi a cikinta. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar kansa. In ka sauke shi tun a gida, ɗigon nan mai shuɗi zai ci gaba da nuna inda kake a tsakiyar jeji.

Sa manhaja biyu, daga tushe biyu daban. Ta farko Google Maps. Shiga wurin da aka rubuta Offline maps, ka zana akwati a kan yankin da za ka bi, ka sauke. In hanyar doguwa ce sai ka yi akwatuna da yawa masu hawa kan juna. Ta fi kowa sanin gidajen mai, masauki da shaguna a birane. Amma tana da lahani uku ga mai keke: idan babu data hanyar mota kawai take iya lissafawa, ba ta ajiye hoton tauraron ɗan'adam, kuma abin da ka sauke yana da wa'adi, sai an sabunta shi.

Ta biyu ka ɗauko daga cikin masu amfani da OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004 wadda 'yan sa-kai ke zanawa. Organic Maps kyauta ce, mai sauƙi, ba ta nauyaya waya. Da ita nake ba sabon shiga shawarar farawa. OsmAnd ta fi ta zurfi, har tana iya rina hanya da launi gwargwadon ko kwalta ce ko ƙasa, amma sai ka zauna ka koye ta, kuma ta kyauta tana ƙayyade yawan taswirorin da za ka sauke. Duk biyun suna lissafa hanyar keke ba tare da data ba. A Arewa za ka yi mamakin yawan sunayen ƙananan ƙauyuka da ke ciki. Wani ɓangare nasu ya fito ne daga aikin zana matsugunai da aka yi don rigakafin shan-inna.

Sauke Najeriya da Nijar duka, a inda kake da intanet mai ƙarfi, don fayilolin na cin ɗaruruwan megabait. Daga nan sai gwaji, wanda mafi yawan mutane ke tsallakewa: sa wayar a yanayin jirgin sama, hau kekenka ka zaga unguwa. In ɗigon yana bin ka, sunayen tituna na fitowa, ka kuma iya neman Matamaye ka same ta, to an gama. In ka ga fili fari fat, ba a sauke ba.

5. Daidaita sunaye

Da ka tsallaka iyaka rubutun suna ya koma na Faransanci, kuma in ka rubuta yadda kake faɗa, manhaja za ta ce babu garin. Damagaram sai ka nemi Zinder. Kance ita ce Kantché, Tasawa Tessaoua, Tawa Tahoua, Madawa Madaoua, Mirya Mirriah, Matamaye Matamèye. Ƙa'idar ba wuya: inda muke sa u ko w su sukan sa ou, inda muke sa c su sa tch, j kuma ta zama dj. A gefen Najeriya ma Ɗambatta kan fito Dambatta ko Danbatta, Kwangwalam ta fito Kongolam. A littafinka ka yi layi biyu, sunan baki da sunan allo.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari: sunaye masu maimaituwa. Sabon Gari, Tudun Wada, Unguwar Rimi, Sabuwar Kasuwa, kowace jiha tana da nata, wani lokaci biyu a ƙaramar hukuma ɗaya. Kada ka taɓa rubuta irin wannan suna shi kaɗai. Haɗa shi da garin da ke kusa, sannan ka danna wurin a waya ka kwafi lambobinsa biyu, wato digirin da ke nuna inda yake a doron ƙasa. Kano tana wajen 12.0 da 8.5, Damagaram wajen 13.8 da 9.0. Lambar farko tana ƙaruwa in ka yi arewa, ta biyu in ka yi gabas, kuma digiri ɗaya na arewa kimanin kilomita 111 ne. Da wannan kaɗai za ka gane cewa Sabon Garin da manhaja ta nuna maka ba shi ne naka ba.

6. Zana hanya, sannan ka bi ta da hoton sama

Daga Kano zuwa Damagaram manyan hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta bi titin A2 ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mai'aduwa zuwa iyakar Kwangwalam, ta shiga Nijar ta Matamaye da Kance, ta haɗu da babban titin RN1 a Takeita, sannan ta yi gabas. Ɗayar ta ratse ta Kunya da Ɓaɓura zuwa Babban Mutum, ta shiga Magarya, ta miƙe arewa a kan RN11. Zana su duka biyun, kowace da launinta. Ko ka riga ka zaɓi ɗaya, kana buƙatar ɗayar a aljihu.

A kwamfuta za ka iya zanawa da BRouter, wanda kyauta ne, ko Komoot, ko Ride with GPS. A waya OsmAnd na da wurin tsara hanya. Ajiye sakamakon a matsayin fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da layin hanyar da ka zana, ka buɗe shi a manhajar wayarka, ka kuma tura wa wani na gida. Sai dai ka kula: in ka ce wa manhaja a keke kake, takan ɗauka a Turai kake, inda ƙaramar hanya ke nufin lafiyayyar kwalta marar motoci. Sai ta janye ka daga titi ta jefa ka cikin burtali. Duk inda ta kauce daga babbar hanya, tsaya ka bincika dalili.

Binciken shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi amfani. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Earth, ka matso sosai har kana ganin bishiyoyi ɗai-ɗai, ka bi layinka a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Kwalta baƙa ce ko toka-toka, gefenta a miƙe. Burji ja ne ko ruwan ƙasa, faɗinsa ɗaya. Hanyar da ta yi fari, ta rarrabu gida uku ko huɗu sannan ta sake haɗewa, yashi ne. Rarrabuwar nan sawun direbobi ne da ke kauce wa inda ake kafewa. Inda layinka ya ratsa farin zirin da ke lanƙwasa, busasshen rafi ne: duba ko akwai gada ko kwalbati. In hanyar ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan babu komai a tsakani, da rani turawa za ka yi, da damina kuwa sai ka jira ruwa ya wuce. Baƙar ƙasa mai duhu kusa da kogi fadama ce. Taɓonta na cika tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi. A kan kwalta ma ka duba: in ka ga sawun motoci a gefen titi na tsawon kilomita, titin ya farfashe ne har direbobi sun gudu daga kansa.

Duba ranar da aka ɗauki hoton, tana ƙasan allo. Wani na bara ne, wani ya shekara biyar. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar a 2021, ya ratsa yankin Ɗambatta, Kazaure da Daura, kuma irin wannan aiki kan karkatar da ƙananan hanyoyi kafin kowace taswira ta sani. Duk mararraba mai rikitarwa ka ɗauki hoton allonta ka ajiye a waya.

Batun hawa, a wannan hanya ba abin damuwa ba ne, ƙasar shimfiɗe take. In Jos ka nufa labari ya sha bamban: Kano tana ƙasa da mita 500 daga saman teku, Jos ta haura 1,200, don haka dole ka duba zanen hawa da gangara na kowane yini. Abin da ya maye gurbin dutse a hanyar arewa shi ne iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato mai zuwa Damagaram gaba da gaba zai yi da ita. Rage nisan yininka na zuwa, ka ƙara na dawowa.

7. Kai ta tasha

Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya iya tambaya. Je tashar da motocin garin ke lodi, ka sami direba da ya dawo jiya ko yau, ba ɗan kamasho da ya shekara bai bar tasha ba. Gaisa tukuna, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. In ka ce, "Malam, hanyar Magarya tana da kyau?" amsar da za ka samu ita ce "Lafiya lau, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba," kuma ba ka ƙaru da komai ba. Yanka tambayar ƙanana: "Daga Ɓaɓura zuwa Babban Mutum, kwalta ce duka? Ina ta yanke? Ƙananan motoci na bi, ko sai akori-kura? Da damina fa? Ina kuke tsayawa shan ruwa? Bayan la'asar kuna bi?" Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. In direba ya ce su ba sa bin wani yanki da yamma, ko sai sun jira juna sun tafi a ayari, ka ji abin da babu taswirar da za ta faɗa maka.

Ga ƙananan hanyoyi, 'yan acaba, ko 'yan kabu-kabu a Nijar, sun fi direban mota amfani, don su ma taya biyu gare su, sun san inda yashi ke kayar da mutum. Kada ka tambaye su kilomita. "Nan kusa ne" na iya zama tafiyar awa uku a keke. Tambayi kuɗin acaba zuwa can, sannan ka tambayi kuɗin zuwa wani garin da ka san nisansa, ka kwatanta. In kuɗin ya yi tsada fiye da nisan da taswira ta nuna, hanyar ce ba ta da kyau.

Tambayi ranakun kasuwa ka rubuta su a kan taswirar: Mai'aduwa Lahadi, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a. Ranar kasuwa akwai abinci, mai faci da kayan keke, akwai kuma mutanen ƙauyukan da za ka ratsa, waɗanda za ka iya tambaya. Amma titin ranar cike yake da manyan motocin shanu, gara ka isa da sassafe ko ka kwana a garin.

Iyaka ma sai an tambaya. Taswira na nuna ta a buɗe kullum, alhali Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kwana biyu ko uku kafin ka tashi, ka ji daga bakin wanda ya tsallaka a makon irin takardun da ake nema. Ka kuma bi ta ƙofar hukuma. Manhaja za ta nuna maka ƙananan hanyoyi da ke ratsa iyaka ta cikin gonaki; hanyoyin 'yan fasa-ƙwauri ne, ba naka ba.

Ƙa'idata ita ce baki biyu. Abin da mutum ɗaya ya faɗa da fensir nake rubuta shi da alamar tambaya, sai na ji daga wani da bai san na farkon ba nake goge alamar.

8. Haɗa takardar yini

Yanzu ka tara komai, sai tacewa. Kowane yini shafi ɗaya. A gefen hagu jera garuruwa daga inda za ka tashi zuwa inda za ka kwana, da nisan da ke tsakaninsu da jimillar da ka ci. A dama ka rubuta irin hanyar, inda ruwa yake, ko famfon tuƙa-tuƙa ne ko rijiya ko sai na leda a shago, inda mai faci yake, da inda ake cajin waya. Kowace mararraba ka zana ta da hannu, da kibiya, da alamar da ido zai gani: masallacin Juma'a, gidan mai, tankin ruwa, hasumiyar sabis. A ƙasan shafin ka sa wurin kwana na biyu, wanda ke kilomita 15 ko 20 kafin na farkon, saboda ranar da taya ta yi faci sau uku.

In kana auna nisa a takarda, kwantar da zare a kan hanyar yana bin kowace kwana, ka miƙe shi a kan rula, ka ninka da sikeli, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin goma, don zare ba ya bin ƙananan lanƙwasa.

Wanda bai samu taswirar takarda ba, a nan zai yi tasa. Buɗe OpenStreetMap a kwamfuta, ka ɗauki hoton allo yanki-yanki, kowane shafi ya ɗauki kilomita 30 zuwa 40, ka tabbata ma'aunin nisa na kusurwa ya fito a cikin hoton. Ka ce a buga maka da injin da ke amfani da garin tawada, irin na fotokwafi. Tawadar ruwa da ta ji zufa take narkewa. Lambata shafukan, ka yi kwafi biyu, ka bar ɗaya a gida tare da ranakun da kake sa ran isa kowane gari.

9. A kan hanya

Shafin yinin ne zai zauna a gabanka, cikin leda, ɗaure a kan kan keke. Waya ta zauna a jaka, a yanayin jirgin sama, sai a mararraba ko in ka yi shakka za ka fito da ita. Masu ɗaura ta a kan keke allo a kunne suna kashe batiri kafin azahar, kuma zafin Maris da Afrilu kan sa ta kashe kanta. Kowane dare ka yi caji ko da batirin bai yi ƙasa ba, ka karanta shafin gobe, ka tambayi mai masaukinka game da shi. In a ƙauye za ka kwana, fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Bayan wurin kwana, shi ne zai gaya maka halin da hanyar gaba ke ciki, wani lokaci har ya haɗa ka da wanda zai raka ka zuwa mararraba.

A shingen jami'an tsaro kada ka baje taswira mai cike da alamomi, kada kuma ka ɗaga waya kamar mai ɗaukar hoto. In an tambaya, nuna shafin yinin, ka faɗi inda ka fito da inda za ka.

Idan abin da ke gabanka ya saɓa da taswira, tsaya a nan, kada ka ce bari in ƙara gaba in gani. Duba kamfas: in shafinka ya ce arewa, kai kuma ka yi minti goma kana fuskantar yamma, ka kauce. Koma wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi. In waya ta mutu gaba ɗaya, a manyan titunan Nijar akwai duwatsun kilomita a gefen hanya masu ɗauke da sunan gari na gaba da nisansa, ka riƙa daidaita su da jimillar da ke shafinka. A hanyar ƙasa kuwa, bi wadda sawun babura ya fi yawa a kanta, ka tambayi mutum na farko da ka gani sunan ƙauyen da ke gaba. Ka bar shi ya faɗi sunan da bakinsa, kada kai ka faɗa masa ya ce maka e.

Duk gyaran da ka gano, gadar da ta karye, sabuwar kwalta, famfon da ya daina aiki, rubuta shi a shafin da kwanan wata. In ka dawo, buɗe asusu kyauta a OpenStreetMap ka shigar da su. In gyaran ya yi maka wuya, akwai wurin barin ɗan bayani a kan daidai wurin, masu zanen za su gani su gyara.